Mutum Huɗu a Kati Ɗaya

Da sunan Allah mai kai matafiyi ya kuma dawo da shi gida, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku sababbin ma'aikata da aka ɗauka bana, Oga Emeka mai kamfaninmu ya ce in rubuta muku wani abu game da aikin nan kafin in ajiye shi. Na so in ƙi. Sai ranar Litinin na ji ɗaya daga cikinku, Zainab, tana gaya wa na kusa da ita wai aikin Baba Malam, wato ni, ai maɓalli ɗaya ne, a rubuta masa "biya", a shafa masa kore, a tafi cin abinci. Allah ya yi miki albarka, Zainab. Shekara tara ina kan maɓallin nan, har yau kore ne, bai nuna ba.

Takarda takan yi tafiya fiye da mai ita, don haka bari in faɗi abin da muke yi saboda wanda bai san mu ba. Manhaja muke yi wadda kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu tikitin jirgi da ita, su kama musu ɗakin otal idan aiki ya kai su wani gari. Kamfani yana da katinsa na banki. Ma'aikaci ya zaɓi jirgi a waya, katin ya biya, ba sai ya taɓa aljihunsa ba. Ni ba na rubuta wa kwamfuta yarenta, wannan na injiniyoyi ne. Ni mai yanka ne, su ne masu ɗinki. Ni nake tsara abin da mutum zai gani a fuskar waya, da lokacin da kati zai biya, da lokacin da zai ƙi, da abin da zai faɗa idan ya ƙi. Wannan na ƙarshen shi ne aikin. Biya kowa ya iya.

Tikiti na farko da na taɓa rubutawa na wani ɗan kasuwa ne mai zuwa Legas. A wani ɗan shago ne a Utako, nan Abuja, bayan tashar mota, wajen Alhaji Ɗanladi mutumin Kano, Allah ya jiƙansa. Ya ɗauke ni ne don ya ga hannuna yana da kyau, ba don na san jirgi ba. Ni makarantar allo na yi, da ajami na fara rubutu, boko da girmana na same shi a ajin yamma. Tikiti a lokacin ɗan littafi ne mai shafi-shafi, da jan kabon a bayan kowane shafi. In ka danna biro da ƙarfi ya huda, in ka sassauta shafin ƙarshe ya fito fari. Na lalata uku kafin na huɗu ya yi. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya jera ukun a gabana ya ce, "Habu, ga fasinjojinka nan, sai ka san yadda za ka kai su Legas." Shi ya koya mini kada in sallami mutum sai na karanta masa sunansa yadda na rubuta, ya ce i, shi ne. A wannan shagon ne Emeka ya san ni, yana zuwa saya wa inda yake aiki a da tikiti. Haifaffen Sabon Garin Zariya ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Da ya buɗe kamfaninsa ya zo ya ce, "Baba Malam, yarana sun san kwamfuta, ba su san matafiyi ba. Zo ka gaya musu yadda yake."

Kayan aikina kun gan su, kuna kuma yi musu dariya, ina ji. Fensir, da kwalin biskit da nake yankawa daidai girman fuskar waya in zana a kai, da tsohuwar wayar nan mai tsagaggen gilashi. Ita ba don talauci nake riƙe ta ba. Ku kuna gwada aikinku a waya mai tsada, kuna zaune cikin sanyi, intanet yana gudu kamar ruwan famfo. Wanda kuka yi wa aikin kuwa yana tsaye a rana gaban filin jirgi, jaka a hannu ɗaya, caji ya yi ja, yatsansa da gumi. In zane bai yi a tsohuwar waya ba, bai yi ba. Sai littafina na ajami, wanda na ji wani daga cikinku ya ce laya nake rubutawa a ciki. Ku zo in karanta muku. Layar shafin farko cewa ta yi, "Kada a nuna kuɗin ɗaki ba tare da haraji ba."

Wata Juma'a, a shekarata ta biyu, wata ma'aikaciyar wani kamfanin magani ta tsaya awa biyu a gaban teburin otal a Fatakwal, da jakarta da ciwon baya. Mun tsara cewa kafin kati ya biya, sai an aika lambar sirri zuwa wayar shugabanta ya amince. Tsari mai kyau a kan kwali. Amma shugaban yana masallaci, ya kashe waya tun kafin huɗuba, bayan an idar kuma ya tsaya sayen balangu da gaisuwa. Da ta same mu a waya ta ce, "Ku gaya mini, limamin ne zai biya ko ku?" Daga ranar muka sa kowane shugaba ya naɗa wakili, muka kuma sa a iya amincewa da tafiya tun kafin a tashi. Babu littafin boko da zai gaya muku wayar oga tana mutuwa ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya. Sai wanda aka zage shi a kai.

Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban yana shekarar wahala.

Kun tuna shekarar da annoba ta rufe filayen jirgi. Ku kuna makaranta, hutu kuka samu. Mu abincinmu tafiyar mutane ce, mutane kuwa suka zauna. Ofishin nan ya koma kamar masallaci bayan Azahar. Da hanya ta buɗe, kamfanonin da suka rage mana suka dawo da ido a buɗe, kowa yana tsoron kada a ci shi. Babba daga cikinsu wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse ne, mai aika injiniyoyi ko'ina a Arewa. Shugabar sashen kuɗinsu, Madam Bose, ta aiko cewa suna son su sani idan wani ya hau jirgi ko ya kwana a otal da katinsu alhali ba ma'aikacinsu ba ne. In ba za mu iya ba, akwai masu iyawa. Emeka ya ba ni mako biyu.

Na zauna da kwalina. Na ce ba za mu hana kati biya ba, kada a sake barin wata a gaban tebur. Kati ya biya, amma na'ura ta gwada sunan da ke kan tikiti da sunan da ke cikin jerin ma'aikata, in sun saɓa ta aika rahoto ga sashen kuɗi a ƙarshen wata. A littafina na rubuta, "Suna ya zama ɗaya." Injiniya ya tambaye ni ɗaya kamar yaya, na ce ɗaya dai, harafi da harafi. Ya ce me za a rubuta a saman rahoton, ko a ce sunaye ba su dace ba? Na ce masu kuɗi ba sa karanta magana mai laushi, rubuta "ana zargin zamba", ka sa shi da ja. Muka gwada da sunaye ashirin, duk hannu ɗaya ya buga su, duk suka wuce lafiya. Na yi hamdala na tafi gida.

Ku lura da inda na faɗi. Mutumin da ya tashi da ajami, in aka ce masa Muhammadu, abu ɗaya yake gani: mim, ha ƙarami, mim, dal. Daga Sakkwato har Makka haka yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A kaina suna rubutunsa ɗaya ne. Na manta boko ba shi da wannan ladabin. Na kuma manta karatun Alhaji Ɗanladi, na ba na'ura izinin sallamar mutum ba ta karanta masa sunansa ba.

Wata uku bayan haka, ranar Talata bayan Azahar, wani mutum ya shigo ofis da takalmin aiki mai jan laka, ya tambayi wanda yake rubuta wa na'ura magana. Aka nuno ni. Zai yi shekara arba'in, dogo, ba ya sauri. Muka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya zaro takarda ya shimfiɗa a kan kwalayena.

"Malam, an ce kai ka san yaren abin nan. Karanta mini."

Rahotonmu ne, da jan rubutuna a sama. Rahoton ya ce katin da aka ware wa Mohammed Lawal, injiniya, mutum uku baƙi sun yi amfani da shi sau da yawa: Muhammad Auwal, da Lawan Moh'd, da Mamman Lawal. Shi Mohammed Lawal kuwa babu tafiya ko ɗaya da sunansa.

Na ce, "Kai ne wanne?"

Ya ce, "Tambayar da na zo yi maka ke nan."

Nan take na gane. Lawal, Lawan, Auwal, ai duk na farko ke nan, Muhammadu na fari a gidan ubansa. Ya bayyana mini a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Sunan da ke jerin ma'aikata wani magatakarda ne ya rubuta ranar da aka ɗauke shi. Tikitin tafiya sakatariya ce take saya, tana kwafa daga lasin tuƙinsa, can kuwa Muhammad Auwal aka sa. Ɗakin otal fomen ɗinsu na Yola, mai kula da leburori, yake kamawa, mutumin Barno ne, a bakinsa kowane Lawal Lawan ne. Tikitin dawowa shi da kansa yake saya ranar da ruwa ya fito, ya rubuta Mamman Lawal yadda yake a katin zaɓensa, yadda kuma ake kiransa a Funtuwa.

"Sun dakatar da ni tun makon jiya," in ji shi. "Sun ce ina zaune a Abuja ina ta ɗora 'yan'uwana a jirgi. Jibi Alhamis kwamiti zai zauna, ƙarfe goma. In suka kore ni da wannan kalmar, ko famfon gida ba wanda zai sake ba ni in gyara."

Na ce ba Bahaushe ko ɗaya a kamfanin da zai gaya musu? Ya ce direbobi sun faɗa, mai gadi ya faɗa. Aka ce musu su direbobi ne, wannan kuwa takardar kwamfuta ce, kwamfuta ba ta da ƙabila. Sakatariya ta tsorata ta ce ita abin da aka ba ta take kwafewa, sai suka ɗauka lasin ƙaninsa ya ba ta. Fomen yana daji, kuma shi ma ana zarginsa.

"Sun kira kawuna da ya tsaya mini lokacin ɗaukar aiki," ya ƙara. "Yanzu duk gidanmu an ji."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na shiga wajen Emeka da takardar. Ya karanta, ya riƙe kai. Ya ce, "Baba Malam, za mu gyara na'ura yau ɗin nan. Mu aika musu wasiƙa mu ce an sami 'yar tangarɗa."

Na ce, "Wasiƙa za ta isa teburin Madam ranar Litinin, shi an kore shi tun Alhamis. Kuma tangarɗa ba ta wanke ɓarawo. Ni zan je."

"Ka je ka ce musu me? Kayan da muka sayar musu ya yi wa mutum ƙazafi? Su ne suka rage mana, Baba. In suka tafi, ni da kai sai mu koma bayan tasha muna sayar da rake."

"Na iya feraye rake. Kai ka riƙa kiran masu saye."

Bai yi dariya ba. Ba mugu ba ne, albashin mutane ne a wuyansa. Na ce masa shi albashi ne a wuyansa, ni kuwa shaidar zur ce a nawa, kuma wurin da za a tambaye ni ba a karɓar wasiƙa. Daga ƙarshe ya tura mini makullin motarsa ya ce, "Ka je. Amma don Allah kada ka ce na'urar ƙarya ta yi. Ka ce kuskure." Na ce zan faɗi mai kuskuren.

Ranar Laraba ban yi zane ba. Na sa aka buga mini duk tafiye-tafiyen katin, na yanka su da almakashi ɗaya-ɗaya, na jera a ƙasa bisa kwanan wata, na manna a babban kwali.

Ranar Alhamis na same su su uku a bayan dogon tebur: Madam Bose, da lauyan kamfani, da mai kula da ma'aikata. Lawal yana gefe a kujerar roba, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Madam ta daɗe a Abuja, tana jin Hausa, irin ta kasuwar Utako wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da ta ga furfurata sai ta juya harshe don girmamawa.

"Baba, sannu. Amma wannan magana ya ƙare. Na'ura naku ne ya kama shi."

Na roƙi alli. Ba su da shi, suka ba ni maka, biron nan na rubutu a farin allo. Na je farin allonsu na rubuta sunan da ajami, babba, daga dama zuwa hagu. A ƙarƙashinsa na jera huɗun da boko. Na ce wannan na sama shi aka raɗa masa ranar suna, waɗannan na ƙasa duk ƙoƙarin boko ne na kama shi, kowa ya kamo inda hannunsa ya kai. Na yi bayani mai kyau, har na ji daɗin kaina.

Madam ta bari na gama. Ta ce, "Baba, rubutu naka yana da kyau. Amma a garinmu ma akwai Tunde goma a layi ɗaya. Suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Kila ƙaninsa ma Muhammadu ne."

Gaskiyarta. Gidan da ke da Lawal ba ya rasa Sani da Salisu, duk Muhammadu. Na ce mata ta yi daidai, na ɗauko kwalina na jingina a allo.

"Ranki ya daɗe, bari mu bi baƙin nan mu ga halinsu. Ga Muhammad Auwal. Sau bakwai ya tafi Yola. Nuna mini ranar da ya dawo."

Ta sa tabarau ta bi da yatsa. Babu.

"To yana can, shi bakwai. Ga Mamman Lawal. Sau bakwai ya dawo daga Yola. Nuna mini ranar da ya tafi."

Lauya ya fara murmushi yana ɓoyewa da fayil.

"Ga Lawan kuma, bawan Allah. Bai taɓa hawa jirgi ba. A ɗakin otal yake tsirowa daren da Auwal ya sauka, ya ɓace safiyar da Mamman zai tashi. Wanda ya tafi bai kwana ba, wanda ya kwana bai dawo ba, wanda ya dawo bai taɓa tafiya ba. In 'yan'uwansa ne, to ba kora ya kamata ba, malamai za a kira, don gidansu aljanu ne."

Mai kula da ma'aikata ya fashe da dariya har ya buge kofin shayi. Madam ba ta yi ba. Ta sa aka kawo littafin aikin rijiyoyi, ta gwada kwanakin da kanta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Duk ranar da Mamman ya dawo, jiyanta ruwa ya fito a wani ƙauye, da sa hannun Lawal a ƙasa. Ta cire tabarau ta ajiye.

"To Baba. Wannan jan magana na sama, zamba. Na'ura ne ya rubuta, ko mutum?"

"Ni ne. An ba ni kalma mai laushi na ƙi."

Ta dube ni ta ce, "Ni kuma na kira kawunsa." Sannan ta tashi, ta zagayo tebur, ta ɗan rusuna a gaban Lawal yadda suke yi a garinsu, ta ce, "Injiniya, yi haƙuri. Litinin ka dawo aiki."

Kamfanin bai bar mu haka ba. Sun jingine mu wata uku, sai da muka nuna musu gyara. Albashi ya yi latti sau biyu, Emeka ya yi mako guda yana gaishe ni da hannu kawai. Gyaran shi ne abin da kuka tarar kuke tsammani da shi aka haifi manhajar. Yanzu lambar ma'aikaci ake gwadawa, ba harufan sunansa ba. Akwai ɗan akwatin nan mai tambaya, "Da wane suna kuma ake rubuta ka?" wanda na ji kuna shawarar a cire wai yana ɓata kyan shafi. Kuma in abu ya saɓa, mai sunan ake fara tambaya kafin kowa ya ji. Jan launi kuwa na hana shi hawa kan sunan mutum.

Amma a ranar Alhamis ɗin, da muka fito harabar kamfanin, na tsayar da Lawal a inuwar wata bishiyar mangwaro na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Wanne daga ciki? Auwal ya yafe, shi yana Yola bai ma ji labari ba. Lawan ya yafe, barci yake. Na jerin ma'aikata ma ya yafe, tunda an mai da shi."

"Saura Mamman."

"Mamman na Funtuwa ne, Malam. Can aka kai maganar. Tsohuwata kwana tara ba ta fita ko gidan suna ba. In na gaya mata an wanke ni, za ta ce ɗa ne yake kare kansa. Kai ka rubuta, kai za ka je ka goge."

Ranar Asabar muka hau mota tare. A Zuba na sayi lemo da kankana, ya ce in ƙara ayaba, haƙoranta sun yi saura kaɗan. Muka isa bayan Azahar. Gida ne na ƙasa mai zaure biyu. Aka yi mini iso, na tarar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa da carbi, kawun yana gefe, matan gida sun laɓe a bayan zana suna jin kowace kalma. Lawal ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce ni ne mutumin da ya jawo maganar, na zo in faɗa da bakina a gaban wanda ya ji ta farko cewa ba gaskiya ba ce. Na yi ƙoƙarin bayyana mata manhaja da kati, na ga ina ɓata wa tsohuwa lokaci. Sai na ce, "Inna, wata na'ura na koya wa karatu, ban koya mata da kyau ba. Ta ga suna huɗu ta ɗauka mutum huɗu ne."

Ta ce, "Waɗanne sunaye?"

Na faɗa mata su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don na bayan zana su ji. Bayan kowanne na ce wannan bai ci kuɗin kowa ba. Ta saurara tana jan carbi har na kai ƙarshe.

"Ikon Allah," in ji ta. "Duk nasa ne?"

"Duk nasa ne, Inna."

"To ni shekara arba'in da ɗaya ko guda bai taɓa fita daga bakina ba, ban kuma taɓa ɗaukar wani a madadinsa ba. Ita na'urar taku tana ta kiran suna ba kunya, ga shi ba ta san mai shi ba."

Matan bayan zana suka kwashe da dariya. Kawu ya ce a yi salati. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka yi tafiya mai nisa." Sannan ta juya wajen ƙofar kicin, ba wajen da yake tsaye ba, ta ɗaga murya. "Ku kawo wa baƙo tuwo. Ku zuba da yawa, wancan ma ya ci. Na ga ya rame."